Baftismar Inna Adama

Malam Dominic ya yi shekara talatin da ɗaya yana koyarwa a makarantun firamare kafin ya yi ritaya, kuma tun bai ajiye alli ba ya zama katakis na cocin Katolika da ke unguwarsu a Zuru. Shi ke shirya manya masu neman baftisma, shi kuma ke koyar da matasan da ke jiran zuwan Bishof ya tabbatar da su. Dogo ne siriri, rigarsa kullum a goge ko da tsakiyar damina ce. Abin da yake alfahari da shi, kuma ba ya ɓoyewa, shi ne tun da ya kama wannan aiki ba a taɓa yi wa ɗalibinsa tambaya a gaban Fada ya kasa amsawa ba.

Ajin manya yana zama Laraba da Asabar da ƙarfe huɗu na yamma, a kan bencina biyar a gindin mangwaron bayan coci. A shekarar su goma sha bakwai ne. Akwai matan sojoji daga bariki, da wani bakanike, da manoma biyu daga Dabai da ke zuwa a babur ɗaya, sai wata tsohuwa da ake kira Inna Adama.

Inna Adama mutuniyar wani ƙauye ce a bayan Manga, kusa da duwatsu. A addinin gargajiya ta tashi, ba ta taɓa shiga aji ba, Hausarta ta cin kasuwa ce kawai. Ɗanta guda da ya rayu, Japhet, ya shiga Katolika tun yana makaranta, daga baya ya shiga soja, aka tura shi arewa maso gabas, can ya rasu. A shekarar ne 'yan bindiga suka matsa wa yankinsu, sai Joyce, matar Japhet, wadda ke ɗinki a Zuru, ta je ta ɗauko ta ta zauna da ita da 'ya'yanta mata biyu.

Joyce ce ta kawo ta ranar farko.

"Malam, ga surukata. Ita da kanta ta ce in kawo ta."

"Sannu da zuwa, Inna," in ji Malam Dominic, ya buɗe rajista. "Kin iya karatu?"

Tsohuwar ta dubi Joyce. Joyce ta ce ba ta iya ba.

"Ba damuwa. Rabin ajin nan ba su iya ba, da ka suke riƙewa. Inna, me ya sa kike neman baftisma?"

Ta daɗe tana murza bakin zanenta kafin ta amsa, kalma ɗaya bayan ɗaya.

"Japhet ya ce in ya dawo zai kawo ni. Bai dawo ba. Shi ne na zo."

Ya rubuta sunanta. Ya ce ai ya san Japhet, shi ya koyar da shi a aji biyar lokacin da aka tura shi koyarwa a Manga. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Na sani, Malam." Ya ɗauka ladabi ne irin na tsofaffi.

Daga ranar ba ta taɓa fashi ba. Tun ƙarfe uku take isowa, ta share ganyen mangwaro, ta goge bencina da tsumma, ta zauna a ƙarshen na baya tana jira. In ana maimaita addu'a baki ɗaya, leɓenta na motsi tare da kowa. Amma da zarar Malam Dominic ya nuna ta da biro ya ce, "Inna, tashi ki gaya mana, sakramenti nawa ne?" sai ta miƙe ta tsaya tana kallon ƙasa. Ya jira, ya sake tambaya, shiru. Daga ƙarshe ya ce ta zauna, ya nuna wani.

Shi ma ɗan ƙasar ne, da harshen C'lela uwarsa ta raine shi, harshen da Inna Adama ke yin mafarki da shi. Amma a aji ba ya yin sa. Yana da dalilansa, kuma ba na banza ba ne: littafin da Hausa aka rubuta shi, Misa da Hausa ake yi, matan barikin kuma daga wurare daban-daban suka fito, in ya juya harshe ba za su ji ba. Dokarsa ce, bai taɓa karya ta don kowa ba.

Da azumin da ake yi kafin Ista ya kusa ƙarewa, ya zauna a ƙaramin ɗakin da ake ajiye kayan Misa, yana kiransu ɗaya bayan ɗaya. Inna Adama ta shigo, ta durƙusa ta gaishe shi, ya ce ta hau kujera. Ta yi alamar gicciye daidai. Bayan wannan bai samu komai daga bakinta ba. Ran Lahadi aka karanta sunaye goma sha biyar a coci, babu nata.

Da suka koma gida matarsa Rachel ta ajiye masa abinci, ba ta tafi ba.

"Baban Sandra, tsohuwar nan fa?"

"Ba ta shirya ba."

"Matar da ba ta taɓa fashin Misa ba? Ko ni da aka haifa a ciki ban kai ta zuwa coci ba."

"Zuwa daban, sani daban. In Fada ya tambaye ta ta tsaya kamar itace, sunan wa zai ɓaci?"

"Ashe sunanka muke magana," in ji Rachel, ta ɗauki kwanon wanke hannu ta fita.

Maganar ta ɓata masa rai har kwana biyu.

Laraba ta farko bayan Ista, da ya zo buɗe sabon aji, ya tarar an share gindin mangwaro. Tana zaune a wurinta. Ya ji daɗi, ya ma yabe ta a gaban sababbi, ya ce su koyi naci irin nata.

Shekara ta biyu ta tafi kamar ta farko. Wata rana cikin watan Janairu ta tsaya bayan an tashi, ta kwance wani ƙulli daga zanenta, man kaɗe ne da ta yi da hannunta, ta miƙa masa da hannu biyu. Ya ja baya.

"A'a, Inna. Ba na karɓar komai daga ɗalibi kafin gwaji. Kada a ce da wani abu aka sayi suna."

Gaskiya ya faɗa, haka yake yi wa kowa. Amma ya faɗa da ƙarfi, akwai mutane a kusa. Ta mayar da ƙullin, ta ce Allah ya ba da haƙuri, ta tafi.

A gwaji na biyu abin ya so ya yiwu. Ta kawo addu'ar Ubanmu har ƙarshe. Ya ce to, ta kawo shaidar bangaskiya. Ta fara, ta wuce layi ɗaya, biyu, uku, har ta kai tsakiya. Can ta haɗa kalma biyu ta juya su. Ya ƙwanƙwasa tebur da biro.

"Ba haka ba. Sake daga farko."

Ta sunkuyar da kai. Sai ta ɗago ta yi masa magana da C'lela, a hankali, ta ce duk yana cikinta, ya yi mata haƙuri kaɗan.

Ya ji sarai. Ya amsa mata da Hausa.

"In yana ciki, Inna, ya fito. Akwai mutum tara a waje suna jira."

Bai fito ba. Ya ja layi a kan sunanta karo na biyu.

Fadan da ke cocin a lokacin dattijo ne, ga ƙananan coci-coci na ƙauyuka sun fi ashirin a wuyansa, ga 'yan gudun hijira cike da harabar makaranta. Ya yarda da katakis ɗinsa. Duk takardar da Malam Dominic ya kai masa, sa hannu kawai yake yi.

Joyce ta same shi a gida washegarin da aka karanta sunaye. Ba ta zauna ba ko da Rachel ta jawo mata kujera.

"Malam, shekararta ta wuce saba'in. Sai yaushe?"

"Sai ta iya."

"Ta iya! Ni nake kwana ɗaki ɗaya da ita, na san ta iya."

"To me ya hana ta faɗa a gabana?"

Joyce ta buɗe baki kamar za ta ce wani abu, ta fasa.

"Ka taimake ta, Malam. Don Allah. Don Japhet."

"Joyce, baftisma ba sadaka ba ce da ake ba mutum don tausayi. Baɗi ma shekara ce."

Ta yi wa Rachel sallama, ta fita.

An yi baftismar da yamma ran Asabar ta jajibirin Ista, da wuri, don kowa ya koma gida da sauran haske saboda halin da ake ciki. Inna Adama ta zo. Daga inda yake tsaye kusa da Fada yana riƙe da littafi, ya hango ta a bencin ƙarshe, tana leƙen waɗanda suka zauna tare da ita shekara guda ana zuba musu ruwa. Da matan zumuntar coci suka ɗauki waƙa suna kaɗa tulu da caki, ta tafa musu tare da kowa.

Ruwan farko na sauka ta koma ƙauye. An ce abubuwa sun ɗan lafa a can, ga gonarta ta gyaɗa ta yi shekara biyu ba a taɓa ba. Laraba ta zo, ya tarar da ganye birjik a gindin mangwaro. Ya sa matan bariki suka share. Da wani ya tambayi ina Inna, ya ce a gaban aji duka, "Ta gaji. Haka abin yake, ba kowa ke kai ƙarshe ba."

A watan Agusta aka canza Fada. Sabon, Fada Aaron, bai kai shekara arba'in ba, kuma yana da halin son duba komai da idonsa. Wata safiya ya kira Malam Dominic ofis, rajistar ajin manya a buɗe a gabansa.

"Baba Katakis, wannan sunan na ga an soke shi sau biyu. Kuma na duba, ba ta yi fashi ko sau ɗaya ba a shekara biyu. Wace ce?"

Ya ba shi labari, yadda ya ga ya faru.

"Da ka tambaye ta me ya kawo ta, me ta ce?"

Ya gaya masa.

"Ka taɓa yi mata tambayoyin da harshenta?"

"Fada, littafin da Hausa yake."

"Na sani. Amma ba littafin za mu yi wa baftisma ba." Ya faɗa da murmushi, ba da faɗa ba. "Abin da nake so in sani, ta gaskata? Tana so? Rayuwarta ta nuna? Haddar tana da amfani, ban raina ta ba. Amma tsohuwa mai shekara saba'in, Baba. Ka shirya mu je mu gan ta."

Malam Dominic ya ji kamar an zare masa wani abu a gaban yara. Yaron da bai kai ɗansa na fari ba zai koya masa aikin da ya yi shekara ashirin yana yi. Ya ce hanyar ƙauyen ba ta biyuwa yanzu, rafi ya cika, a bari ruwa ya ɗauke, ai da ta cire gyaɗa za ta dawo da kanta. Rafin ya cika, ba ƙarya ya yi ba. Amma masu babur suna bi kullum, ya kuma sani. Fada sabo ne, bai san hanyar ba, ya yarda.

Satumba ta wuce. Fada ya sake tuna masa sau ɗaya, ya ce saura kaɗan.

Ranar wata Talata cikin Oktoba, da hantsi, yana gyaran shingen bayan gida, Rachel ta kira shi. Joyce ce a tsakar gida, idanunta sun kumbura. Inna Adama ta faɗi a gona kwana tara da suka wuce. An kawo ta asibiti a Zuru, an ce hawan jini ne ya buge ta. Ɓarin jikinta na dama ya mutu, magana ta ɗauke. An sallame su jiya.

"Wurin Fada na fara zuwa," in ji Joyce. "Shi ya ce in biyo in gaya maka. Yana jiranka."

Gidan Joyce ɗaki biyu ne a bayan tasha, keken ɗinki a baranda. Fada ya shiga wurin marar lafiya shi kaɗai tukuna. Malam Dominic ya zauna a kan benci a waje, hularsa a hannu. Joyce ta tsaya jikin keken, ta ciro wayarta tana latsawa.

"Malam, akwai abin da nake so ka ji. Babbar 'yata ce ta ɗauka, tun kafin Ista, suna wasa."

Ta miƙa masa. Bidiyo ne, hoton na rawa, an ɗauke shi a wannan barandar. Inna Adama na zaune a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa a faranti, muryar yarinya na cewa, "Kaka, sakramenti nawa ne?" Tsohuwar ta ce bakwai, ta jero su tana jefa gyaɗa ɗaya a faranti kan kowanne. Yarinyar ta ce ta kawo dokoki goma, ta kawo. Ta ce ta kawo shaidar bangaskiya. Ta kawo ta tun daga farko har Amin, da Hausarta mai nauyi, ba ta tsaya ko sau ɗaya ba. Da ta gama ta kwashe da dariya, ta ɗaga hannu tana kare fuska, tana cewa da C'lela a kawar mata da wannan abin.

Bai taɓa jin dariyarta ba. Ya riƙe wayar har hoton ya ƙare ya tsaya.

"Me ya sa ba ki nuna mini ba tun lokacin?"

"Ita ta hana. Ta ce kada Malam ya ga kamar mun kai ƙararsa." Joyce ta karɓi wayarta. "Tsoronka take ji, Malam. Tun Japhet na aji biyar. Ya dawo gida da hannu a kumbure, kwana uku bai iya riƙe fartanya ba, don ya kasa lissafi. Ta taka har makaranta ta yi maka magana. Ka ce ta fita, in ba ta iya Hausa ba ta je ta nemo wanda ya iya. A gaban yara, suna dariya. Ta ce duk lokacin da ka nuna ta da biro, ranar take gani."

Ya nemi ranar a cikin kansa. Ya tuna ajin, rufin kwano mai yoyo, har ya tuna fuskar Japhet. Amma matar da ta zo, da abin da ya ce mata, babu. Yara nawa ya doka a shekara talatin, iyaye nawa ya kora daga bakin aji. A wurinsa rana ce kamar kowace.

"Ban tuna ba," ya ce. Muryarsa ta fito ƙasa-ƙasa.

"Na san ba ka tuna ba," in ji Joyce.

Fada ya leƙo ya ce su shigo.

Tana kwance a kan katifa a ƙasa, an jingina ta da filo biyu. Ta rame, bakinta ya karkace gefe guda, amma idanunta na nan sarai. Da ta ga Malam Dominic ta yi yunƙurin gyara kwanciya, irin na mai son gaishe da babba. Joyce ta dafa ta. Ta buɗe akwati ta ciro farar riga da ɗankwali, ta ce tun shekarar farko tsohuwar ta sa ta ɗinka, suna nan a naɗe. Ba a iya sa mata rigar ba, sai aka shimfiɗa mata a ƙirji.

"Baba Katakis," in ji Fada, "ni ban iya C'lela ba. Zan yi tambaya, kai ka juya mata. Inna, in kin yarda, ki ɗaga hannun nan mai lafiya."

Malam Dominic ya durƙusa a gefen katifar. Gwiwoyinsa suka yi ƙara. Fada ya tambaya ko ta ƙi Shaiɗan da ayyukansa, ko ta gaskata da Allah Uba, da Ɗansa Yesu Almasihu, da Ruhu Mai Tsarki. Shi kuma yana juyawa. Wasu kalmomin bai taɓa faɗarsu da harshen uwarsa ba, sai da ya tsaya ya nemo su. Kowace tambaya, hannun hagu ya tashi daga kan farar rigar, ya daɗe a sama kafin ya sauka. Leɓenta na motsi, sauti ba ya fita.

Fada ya tambayi sunan da za a sa mata. Joyce ta ce ta daɗe da zaɓa, Monika, don an gaya mata ita ma uwa ce da ta sha kuka a kan ɗanta. Aka zuba ruwan daga ƙaramin kofi, Joyce na tare shi da tawul kada ya jiƙa filo. Fada ya shafa mata mai, ya gutsuri ɗan ƙaramin yanki na gurasar Misa, Jikin Almasihu, ya sa mata a harshe, aka bi da cokalin ruwa. Duka bai fi minti ashirin ba. Ba waƙa, ba taro, sai ƙarar injin niƙa daga maƙwabta.

Da Fada ya fita wanke hannu, Malam Dominic bai tashi ba. Ya matsa kusa ya yi mata magana da C'lela. Ya ce ya ga hoton, ta iya duka, ta fi da yawa daga waɗanda ya wuce da su. Ya ce laifinsa ne, na makaranta da na coci. Ya roƙe ta ta yafe masa.

Ta dube shi. Ta daɗe tana dubansa. Ɓarin fuskarta ɗaya ba ya motsi, ɗayan kuma bai iya karanta shi ba. Ya jira ko hannun zai tashi. Bai tambaye ta ta ɗaga ba, ya ji ba shi da wannan hurumin. Can sai idanunta suka lumshe, gajiya ta ɗauke ta. Har yau bai san amsarta ba.

Ta yi wata huɗu a kwance. Kowace Lahadi bayan Misa ta biyu shi ke kai mata tarayya, wato gurasar Misa, da izinin Fada, a ɗan ƙaramin gwangwani a aljihun ƙirjinsa. Yakan zauna ya yi addu'o'in da C'lela gwargwadon yadda ya iya juya su, ita tana bin sa da ido. Ba ta sake taka ƙofar coci ba. Ta rasu a farkon Fabrairu, da rana tsaka, Joyce na ɗinki a baranda. An kai ta ƙauye aka binne ta a bayan gidan mijinta. Malam Dominic ne ya ja addu'a a bakin kabari, don Fada na wani ƙauye ranar. Joyce ta yi masa godiya yadda ya kamata, ba ta ƙara komai a kai ba.

Bayan mako guda ya je ya ce wa Fada Aaron zai ajiye aikin.

"Ban karɓa ba," in ji Fada. "In ka tafi yanzu, kai ka huta, mu kuma mun rasa mutumin da ya san abin da ka sani. Za mu raba ajin biyu. Rachel ta ce za ta iya ɗaukar na Hausa. Kai ka ɗauki tsofaffi, da harshensu. Gwaji kuma tare za mu riƙa yi, a gindin itace, ba a ɗaki ba."

Ya karɓa. Amma kafin a buɗe ajin ya kwaso tsofaffin rajistocinsa daga kabad, na shekara ashirin, ya bi su shafi-shafi. Ya fitar da sunayen waɗanda ya soke kuma ba su sake dawowa ba. Mutum ashirin da uku. Da yawansu ya tuna su: tsofaffi, masu in'ina, wata mai nauyin ji. Ya rubuta su a takarda ɗaya, ya zuba mai a babur ɗinsa, ya fara bi.

Bakwai sun mutu. Biyar sun bar ƙasar, ba wanda ya san inda rikici ya jefa su. Wasu sun shiga wasu ikilisiyoyi, an yi musu baftisma tuntuni, suka karɓe shi da fara'a suka ba shi ruwa. Huɗu suka ce za su dawo, uku suka dawo.

Na ƙarshe a takardar wani manomi ne a Dabai, Prosper, wanda ya soke sau uku shekara goma sha ɗaya da suka wuce saboda in'ina. Ya same shi a gindin rumbu yana gyaran ƙotar garma. Gashinsa ya yi fari. Ya gane Malam Dominic tun kafin ya kashe babur, ya sa aka kawo tabarma da kunu.

Malam Dominic ya faɗi abin da ya kawo shi, bai rage komai ba. Prosper ya saurara yana ci gaba da fiƙe itacen.

"Ma-malam, ka kyauta da ka zo," ya ce. "Matata tana zuwa coci, yara ma. Ni ina kai su a babur, in jira su a waje. Na saba."

"Yanzu ba kamar da ba ne. Ba wanda zai tsayar da kai a gaban mutane. Ni da kai da Fada kawai, ko a nan gidanka."

Prosper ya ajiye wuƙar. Ya dubi gonarsa da aka riga aka share ana jiran ruwa.

"Lokacin da nake so, na so ƙwarai," ya ce. "Sau uku ina sayen farin yadi. Yanzu abin ya kwanta mini. Ka bar ni haka tukuna."

Malam Dominic ya ce ya ji. Ya tambaya ko zai iya sake zuwa. Prosper ya ce gida ai na kowa ne. Ya raka shi har bakin hanya, ya riƙe masa babur ya hau, ya ce ya bi ta gefen dama wajen gada, akwai rami.